Kalangu da Allon Gilashi: Wa Ya Kamata Ya Fara Koya wa Yaron Adar Kiɗa?

A Afala, arewa da birnin Tawa, da zarar hatsi ya shiga rumbu sai maza su fara ɗaure kaya. Wasu su nufi Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu su yi arewa zuwa Aljeriya da Libiya. Biɗa ce irin ta Adarawa, kuma ba yau aka fara ta ba. Abin da ya sauya shi ne tsaraba. A da rediyo ce da atamfa da agogon hannu. Yanzu babbar tsaraba ita ce salula mai fuskar gilashi, wadda ba ta kwana biyu a hannun uwargida sai ta koma hannun yara. A wani gida da na sauka a garin, na ga yaro ɗan shekara biyar zaune a ƙofar ɗaki yana danna hoton fiyano a salular uwarsa. Duk inda ya taɓa sai wurin ya yi ƙara ya sauya launi, in kuma ya dace da abin da ake so sai taurari su watsu a fuskar. A bayan darni kuwa yayyensa ne su uku, sun rufe bakin gwangwanin tumatir da leda sun ɗaure da robar tayar keke, suna kwaikwayon makaɗin da ya yi wasa a wani biki na unguwar. Su huɗun duka kiɗa suke koyo, amma malamansu daban, kuma tun ranar nake auna malaman nan biyu a raina.

Tsohuwar hanya ba ta da aji, ba ta da ƙararrawa. Ɗan makaɗi yana buɗe ido yake ganin kalangu rataye a ɗakin ubansa, yana jin ana ɗaure fata ana gwada ta tun bai iya magana ba. In ya tasa sai a ba shi riƙon kaya zuwa gidan biki ko gonar gayya, daga nan a miƙa masa ƙaramar ganga ya riƙe bugu guda ɗaya ba sauyi, yana tsaye a bayan manya har hannunsa ya zauna. Yakan yi shekaru a haka kafin a bar shi ya matse kalangu a hammata. Wannan ta gidan gado ke nan. Akwai kuma ta dandali, wadda ta fi faɗi: gaɗar 'yan mata da farin wata, tafi da amshi, shantu a ɗakin amarya, ƙwaryar da aka kifa a ruwa, luguden daka, tashe a watan azumi. Babu mai kiran wannan karatu, amma a nan yawancinmu muka koyi faɗa wa waƙa a daidai gurbinta.

Sabuwar hanya kuwa manhaja ce da ke amsa wa yaro. Rediyo da kaset suna yi maka kiɗa kana saurare. Wannan sai ka taɓa ta take motsi, kuma abin da ka taɓa shi take mayar maka. A 2011 kamfanin Apple ya sa GarageBand a iPad, inda yaro zai buga ganguna da yatsa, ya ɗauki muryarsa ya ɗora a kai. A 2016 Google ya fito da Chrome Music Lab kyauta, inda yaro ke cika 'yan akwatuna da launi ko ya ja layi, na'ura ta mayar da zanen sauti. Akwai irin su Yousician da Simply Piano, masu saurare ta makirfo su gaya wa mai koyo ko ya dace ko ya kuskure. Abin ma ya taɓa zuwa kusa da mu. A 2007 an raba wa ɗaliban wata firamare a Galadima, gefen Abuja, ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari na shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, kuma cikin abin da aka tsara wa kwamfutar shirin har da manhajar kiɗa ta yara mai suna TamTam. Shirin bai kai ga yawancin makarantun ƙasar ba. Inda manyan shirye-shirye ba su kai ba, 'yan biɗa sun kai da salulolin Tecno da Itel, ba tare da wani ya tsara ba.

Ma'aunin farko ƙofa ce: wa aka yarda ya shiga? A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira da fawa da wanzanci, kuma an ƙulla ta da roƙo. Ɗan malami ko ɗan sarauta da aka gani da makaɗi a hannu, gidansu ne zai sha magana. Wasu iyayen kuma dalilinsu na addini ne, wanda ba abin wasa ba ne a wurinsu. Mamman Shata, da duk ɗaukakar da ya samu, ɗan haye ne, kuma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan wannan jiha tamu ta Tawa daga ɓangaren Azawak, ya taso a gidan da ba a maraba da kiɗa, har sai da ya haɗa gitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke. Yarinya kuwa, ko a gidan makaɗa aka haife ta, kalangu da algaita da kakaki ba nata ba ne. Allon gilashi bai san gidan su kowa ba. Ɗiyar liman da ɗan mahauci duka fiyano ɗaya yake buɗe musu, a cikin ɗaki, ba mai gani balle ya ce wance ta zama zabiya.

Sai dai ƙofar gado, da duk ƙuncinta, wanda ta bari ya shiga ta ɗauki nauyinsa. Yana da ubangida, yana da kwanon abinci, yana da sana'ar da zai riƙe iyali da ita. Ɗan Maraya Jos ɗan mawaƙin fadar Bukur ne; da iyayensa suka rasu yana ƙarami, sarkin ne ya riƙe shi, kuma daga wannan riƙo aka samu mai kuntigin da ƙasar Hausa ba ta manta ba. Manhaja tana buɗe wa kowa, amma ba ta riƙe kowa. Yaron da ya ajiye ta yau, gobe ba za ta aiko a tambayi lafiyarsa ba.

Ma'auni na biyu haƙuri ne da gyara. A nan dole a faɗi gaskiya game da tsohuwar hanya: akwai tsawa a cikinta, akwai ranƙwashi, akwai yaron da aka kunyata gaban jama'a don ya saki bugu, bai sake ɗaukar ganga ba. Makaɗi ba malamin makaranta ba ne; yana wurin neman abinci ne, kuskuren yaro kuma na iya rage masa abin da zai samu. Na'ura ba ta gajiya, ba ta fushi. Yaro zai maimaita wuri ɗaya sau hamsin ta ba shi amsa sau hamsin, nan take, ba harara. Ga yaro mai kunya wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma abin da take aunawa kaɗan ne: ko ka taɓa maɓallin da ya dace, ko ka taɓa shi a kan lokaci. Makaɗi yana jin fiye da haka. Yana jin cewa hannun yaron ya yi nauyi, ko kafaɗarsa ta ƙage, ko ya buga daidai amma kiɗan ba shi da gishiri, sai ya kama hannun ya sassauta shi. Yakan kuma gane ranar da yaro ya yi kuskuren da ya fi daidai daɗi, ya ce masa ya riƙe wannan. Manhajar da ke ba da maki ba ta da gurbin irin wannan kuskure. A wurinta jan launi ne kawai.

Ma'auni na uku shi ne wanda ya fi damuna, don haka zan daɗe a kansa: wane irin sauti ake zuba wa kunnen yaro? Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kukar miya haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Haka wuyan da ake rataya wa laya da wuyar da ake sha. Kalangu an yi shi ne a kan wannan. Makaɗi na matse igiyoyinsa da hammata fata ta ɗaure sauti ya hau, ya saki sauti ya sauka, har ya zame tsakanin biyun kamar yadda murya ke zamewa. Da haka ne ganga ke kiran suna, ta yi kirari, ta yi habaici. Kowane ɗan kokowa yana da takensa, kuma wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Tawa, garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, ya ga yadda ƙato ke zabura tun daga inda yake zaune don ganga ta ambace shi, alhali ba wanda ya buɗe baki. Mahauta suna da nasu take, manoma suna da nasu a gangar noma, maƙera suna da nasu. Yaron da ke koyon kalangu harshensa yake koyo karo na biyu, da hannu.

Fiyanon da ke cikin salula an raba shi gida goma sha biyu, kowane gida a kafe, babu komai tsakanin wannan da wancan. Tsari ne mai kyau, a kansa aka gina kiɗan Turai mai ban mamaki, amma ba ya zamewa. Goge mai tsirkiya ta izgar doki yana kuka ne a tsakanin gidajen nan, a wuraren da fiyano ba shi da maɓalli. Manhajar da ke sauraren muryar yaro ta auna ta da ma'aunin fiyano, za ta iya gaya masa ya kauce a daidai wurin da kakarsa za ta ce ya yi daidai. Sannan waƙoƙin da ke zuwa a cikin manhajojin nan na yaran Ingila ne da Faransa da Amurka. Yaron Afala zai ƙware a waƙar da aka yi wa ƙanƙara da tauraron wata ƙasa, bai taɓa taɓa waƙar raino da aka yi masa a goye ba.

Duk da haka ba zan ce fiyano baƙo ne a ƙasar Hausa ba, don ya daɗe da zama ɗan gari. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya, baƙaƙen maɓallan fiyano kuma biyar-biyar suke, shi ya sa yaro mai kunne kan lalubo karin waƙar gaɗa a kansu ba wanda ya nuna masa. Tun shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano suka rungumi fiyanon Yamaha don waƙoƙin finafinai, daga baya kwamfuta da manhajar FL Studio suka shigo, kuma kiɗan da ya fito daga nan shi ke tashi a bukukuwan Tawa da Maraɗi da Damagaram a yau. Wanda ya ce wannan ba kiɗan Hausa ba ne, bai je gidan biki ba kwanan nan. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da na lura da shi kawai shi ne, masu kiɗan fiyanon da suka fi shiga rai su ne waɗanda kalangu ya riga ya zauna a kunnensu kafin su taɓa maɓalli. Sun san abin da suke nema, sai suka tilasta wa na'ura ta ba su. Tambayar ita ce me zai faru da yaron da na'urar ce ta fara zama a kunnensa, ba shi da wani abin da zai nema a wurinta.

Haka batun gudun kiɗa yake. A manhaja, agogo ne shugaba: yana tafiya ba ƙari ba ragi, yaro ne zai bi shi. Wannan horo ne mai amfani, kuma duk makaɗin da zai shiga ɗakin ɗaukar waƙa yana bukatarsa. A gonar gayya kuwa makaɗi idonsa na kan hauya. In ya ga samari sun ɗauki zafi sai ya ƙara wuta, in ya ga sun fara saki sai ya ja su a hankali har su dawo. A dandali ƙafar mai rawa yake bi, ita ma tana bin sa. Ɗaya na koya wa yaro riƙe lokaci, ɗaya na koya masa karanta mutane.

Daga nan sai batun jiki da jama'a. Ganga tana da nauyi, tana da wari, tana sakin murya da sanyin safiya har sai an kai ta rana ko kusa da wuta. In an buga ta yaro na jin ta a ƙirji kafin kunne. Gilashi santsi ne da shi, bugu mai ƙarfi da mai taushi kusan abu ɗaya suke a yawancin ƙananan manhajoji, lasifikar salula kuma ba ta iya fitar da zurfin muryar babbar ganga. A salula mai araha har akan sami ɗan jinkiri tsakanin taɓawa da fitar sauti, ɗan kaɗan ne, amma ya isa ya rikita hannun mai koyon bugu. Yaron da na gani a ƙofar ɗaki shi kaɗai ne, kansa a sunkuye, yatsa ɗaya ke aiki. Yayyensa na bayan darni suna gardama, suna jiran juna, ɗaya ya bayar biyu su amsa. Waƙarmu bayarwa ce da amshi. Ba a koyon amshi sai da wanda za a amsa wa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Babu wata hukuma da ta taɓa ƙayyade wa yaro awannin tafi da rawa.

Amma a nan ma akwai abin da za a faɗa wa allon. Dandalin da nake yabo yana raguwa. A garuruwa da yawa 'yan mata ba sa fita gaɗa kamar da, bukukuwa sun koma hannun mai lasifika da katin waƙoƙi, makaɗan gari kuma da yawansu su ma suna biɗa rabin shekara. Yaron da ke cikin birnin Tawa, a gidan haya, wataƙila bai taɓa ganin goge da idonsa ba. A wurinsa zaɓin ba tsakanin kalangu da gilashi yake ba. Tsakanin gilashi ne da babu.

Batun kuɗi da wuta ba ya bukatar dogon bayani, kowa ya san shi. Gwangwani da leda kyauta ne, ƙwarya tana kowane gida, tafi ba ya cin caji. Salula kuwa sai an kai ta wurin mai caji da farantin hasken rana, sai an sayi kati in manhajar na son intanet, in ta faɗi ta fashe sai an jira mai gida ya dawo daga Abijan. An buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, amma ƙauyuka da yawa har yanzu wayar wuta ba ta kai musu ba, kuma birane ma sun ɗanɗana duhu a watan Agustan 2023 da aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya. Makarantar da ajinta na zana ne, wanda ake sake kafawa duk bayan damina, ba ta kai ga maganar allon gilashi ga kowane ɗalibi ba. Sai dai salula ɗaya a hannun malami guda na iya isar aji duka, kuma wannan ba mafarki ba ne.

Ma'auni na ƙarshe adana ne, kuma a nan tsohuwar hanya ke da rauninta mafi girma: abin da ke cikin kan tsoho yana tafiya tare da shi. Labarin Malam Mamane Barka ya ishe mu. Malamin makaranta ne kuma mai gurmi, da ya ji cewa biram, kayan kiɗan Buduma masunta na tafkin Cadi mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa, ya rage a hannun tsoho ɗaya mai suna Boukar Tar. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi ya zauna wurin tsohon ya koya. Bayan tsohon ya rasu, Barka ne ya ɗauki biram ya kai shi ƙasashen duniya, har shi ma ya rasu a watan Nuwamban 2018. Labarin yana da fuska biyu. Ta farko, da Barka bai je ya zauna gaban mutum ba, da ba abin da ya ceci biram. Sai hannu ya karɓa daga hannu. Ta biyu, sarƙar da ke rataye a wuyan mutum ɗaya kullum tana bakin tsinkewa, kuma abin da ya sa yaron yau zai iya jin muryar biram shi ne an ɗauke ta a faifai. Take nawa ne na garuruwan Adar suka bi makaɗansu kabari ba wanda ya ɗauka?

Mdou Moctar ma shaida ne ta ɓangarorin biyu. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, waɗanda aka sani da sunan Anar, da salon ɗakunan waƙar Hausa na lokacin, har da na'urar gyara murya. A lokacin babu kamfanin da ya rarraba su. Daga salula zuwa salula suka yi tafiya, ta Bluetooth da katin ajiya, har suka ratsa Sahara. A haka wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji su, ya sa ɗaya a faifan da ya haɗa na waƙoƙin salulolin Sahara, ya kuma zo neman mai su. Salula ce ta ɗauki muryarsa ta kai duniya. Amma yatsun da suka yi kiɗan, a kan wayar birkin keke suka yi kanta, bayan ya ga makaɗi Abdallah Oumbadougou yana kaɗa gita da idonsa.

Masu ilimin koyar da yara kiɗa a wasu ƙasashe sun daɗe da isa wurin da muke tsaye. Zoltán Kodály na ƙasar Hungari ya gina tsarinsa a kan cewa yaro ya fara da muryarsa da waƙoƙin gargajiyar harshen uwarsa kafin ya taɓa na wasu. Shinichi Suzuki na Japan ya ce a koyi kiɗa yadda ake koyon magana, da ji da kwaikwayo, karatun alamomi ya biyo baya. Abin da suka rubuta a littafi shi ne abin da ake yi a zauren makaɗi da dandali tun kaka da kakanni. Ita ma Nijar ba ta rasa tubali ba: akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, akwai gasar da aka raɗa wa sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Adar, tun shekarun 1980, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In za a ɗaukaka harshe a takarda, gangar da ke magana da shi ta cancanci gurbi a makaranta.

Bayan na auna duka, ga inda na tsaya. Ga yaron da bai kai shekara bakwai ba, malamin farko ya zama mutum: uwa mai waƙar raino, yayye masu gwangwani, 'yan matan gaɗa, makaɗin gari. A shekarun nan ne kunne ke kafa harsashi, kuma harsashin da nake so wa yaron Afala shi ne wanda ya san hawa da saukar Hausa, ya san amshi, ya san bin ƙafar mai rawa. Allon gilashi ya rinjayi tsohuwar hanya a ƙofa, a haƙuri da kuma adana, kuma waɗannan ba ƙananan nasarori ba ne. Amma ya gaza a sauti da jiki da jama'a, waɗanda su ne kiɗan kansa. Don haka matsayinsa na biyu ne, kuma a shekarun farko aikin da ya fi dacewa da shi ba ba da maki ba ne. Maɓallin ɗaukar murya ya fi fiyanon da ke ciki amfani: a ɗauki yara suna waƙa a sake kunna musu su ji kansu, a ɗauki kaka tana waƙar niƙa, a ɗauki makaɗi yana buga take yana faɗin abin da gangar ta ce. In yaro ya shiga aji uku ko huɗu, kunnensa ya zauna, sai a sakar masa fiyano da GarageBand da duk abin da hannu ya kai, musamman yarinya da ɗan gidan da ba a yarda ya riƙe ganga ba.

Kirana ga ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da matasan da suka iya haɗa manhaja shi ne su ɗauki salulolinsu su bi garuruwan Adar tun makaɗan suna raye, su ɗauki kalangu da goge da gurmi da gangar noma, da izinin masu su da kuma haƙƙinsu, su haɗa wa yara manhaja mai magana da Hausa, wadda ba ta bukatar intanet, wadda za a iya turawa ta Bluetooth kamar yadda aka tura waƙoƙin Mdou. Shugabannin makarantun Afala da kewaye su gayyaci makaɗin gari ya shigo aji ko sau ɗaya a mako, a biya shi kamar yadda ake biyan kowane mai sana'a. Ku kuma iyaye maza da ke Abijan da Legas, in za ku aiko da salula bana, ku haɗa da saƙon cewa a ɗaukar muku muryar yaran suna waƙar dandali a turo muku.